Shawarwari Shida Ga Iyayen Birnin Tsaba Kan Riƙon 'Ya'ya

A Birnin Tsaba da sauran garuruwan ƙasar Zurmi, rashin tsaro da cin rani sun raba gidaje da yawa. Wani uban yana Kano yana ga-ruwa, wata uwar ta kwashe yara ta koma wurin dangi a Ƙaura Namoda ko Shinkafi. Ga abin da zai riƙe zumuncin gida.

1. Ku ci tuwon dare tare. A bakin akushi ake gane yaron da ya rage loma da wanda ya yi shiru. Malam, ko sau biyu a mako ne, bar majalisa ka zauna da su.

2. Ku san abokan ɗanku. In saurayi ya shigo da sabuwar waya ko kuɗin da ba ku ba shi ba, ku tambaye shi a daren nan. Da irin wannan kyautar 'yan bindiga ke jan yara su zama masu kai musu rahoto.

3. Mai cin rani, kada ka tsaya ga aiko kuɗi. Ka kira, a miƙa wa kowane yaro waya, ka ambaci sunansa. Ka kuma bar amanar gida a hannun baffa ko kawu. Kowa ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka yi makonni babu mai jin muryar nasa.

4. Yaron da ya taɓa jin ƙarar bindiga yakan firgita cikin barci, har ya yi fitsarin kwance. Kada a doke shi, kada a yi masa gori a gaban 'yan uwansa. Inna ta jawo shi jikinta, ta yi masa addu'a da tatsuniya.

5. Kada talla ta cinye karatun 'ya mace. In dole ne ta ɗauki faranti, to bayan ta tashi daga makaranta, kuma ta dawo gida kafin magariba.

6. Ku yi aiki tare. Wurin sussukar gero ko ɓarar gyaɗa yaro yakan faɗi abin da ba zai faɗa ba in an tsare shi da ido.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku fara da tuwon daren yau.