DARASI KAN RUWAN SHA: IDAN MUTUM ƊAYA NE ZAI TSARA KUMA YA GINA

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan wata ya shafi aikin ruwa. Garuruwa da yawa sukan tara kuɗi, ko ƙaramar hukuma ta taimaka musu, don a haƙa rijiyar burtsatse. Wani lokaci har da tanki da famfuna. Kafin a kawo injin haƙa, sai an ba da kwangila.

Hanyar ba da kwangila iri biyu ce. A ta farko, wani masani ne zai auna ƙasa, ya zana aikin a takarda. Daga nan sai a kira wani daban ya gina. A ta biyu, kamfani ɗaya ake damƙa wa duka biyun, tsari da gini. Kamar ka kai wa tela yadi ne, shi zai yanka, shi zai ɗinka. In riga ta yi maka kaɗan, ka san wanda za ka kama. In kuwa wani ya yanka wani ya ɗinka, kowa sai ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Wannan hanya ta biyu tana da sauri. Amma tana da haɗari. Tunda mai zanen shi ne mai ginin, yana iya zana abin da zai rage masa kashe kuɗi. Ya sa bututu mara kauri, ya tsaya da haƙa kafin a kai ruwa sosai, ya kawo ƙaramin tanki.

Saboda haka, kada ku ce masa, "Haƙa mana rijiya," ku tsaya nan. Ku rubuta abin da kuke so rijiyar ta yi muku. Mutum nawa za su sha? Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya yakan wadatar da kamar mutum 250 zuwa 300. Ku rubuta cewa ruwa zai cika jarka mai lita 20 cikin kamar minti biyu, har a bazara. Ku rubuta cewa za a kai ruwan a gwada tsabtarsa. Rijiyar kuma ta nisanci masai da turken dabbobi da aƙalla mita 30.

Babbar magana ita ce: in aka haƙa ba a sami ruwa ba, wa zai ɗauki asara? A ƙasar Kano da Zariya, dutse ne a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan yana maƙale a tsagar dutsen da inda ya rududduge, sau da yawa tsakanin mita 30 zuwa 60. Ana iya samu a nan, a matsa gaba kaɗan a rasa. A sassan Sakkwato da Barno kuwa yashi ne da laka, zurfin yakan wuce mita 100. Shi ya sa ake awon ƙasa da na'ura kafin a haƙa.

To, tunda ɗan kwangila ne ya yi awon, shi ya zaɓi wurin, busasshen rami nasa ne. A rubuta haka ɓaro-ɓaro. Amma ku lura. In wani babba a gari ya nace sai an haƙa a ƙofar gidansa, kun sauke wa ɗan kwangila wannan nauyi, asara ta dawo kanku. Ku sani kuma, wanda ya yarda ya ɗauki wannan kasada zai faɗi kuɗi mai ɗan yawa. Mai faɗin kuɗi ƙasa da kowa ƙwarai, a yi masa tambayoyi da kyau.

Kada a biya kuɗi gaba ɗaya. A biya kashi-kashi: bayan awo, bayan haƙa da gwajin yawan ruwa, sai bayan kafa famfo da daɓen siminti. A riƙe kamar kashi 5 cikin 100 na wata shida ko shekara guda. In wani abu ya lalace a wannan lokaci, shi zai gyara.

Ɗan kwangila ba zai duba aikin kansa ba. Ku nemi ma'aikaci daga hukumar ruwan karkara ta jiharku, wato RUWASSA, ko daga ƙaramar hukuma. Kwamitin gari ma yana da aiki, kuma a sa mata a ciki, domin su suka fi sanin wahalar ruwa. Ranar haƙa, ku tambayi tsawon sandar haƙa ɗaya. Ku ƙirga sanda nawa ta shiga ƙasa, ku rubuta a littafi. Ku ƙirga bututun da aka zura. Ku ga an zuba tsakuwa kewaye da shi, an kuma toshe saman ramin da siminti don kada ruwan datti ya gangara ciki. Ga inda karatun da muke yi a aji zai yi mana rana.

Ranar miƙa aiki, ku karɓi takardar da ta nuna zurfin rijiyar da irin famfon da aka sa, ko Afridev ne ko India Mark II, da inda ake sayar da kayan gyaransa. Ɗan kwangila ya koya wa mutum biyu na gari yadda ake sauya robar famfo kafin a sa masa hannu.