Hukuncin Hayar Gida: Darasi Daga Benayen Bakin Ruwa na Ikko

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan hayar gida yake. Dalili kuwa shi ne, daga cikin 'ya'yanmu na ƙasar Musawa da Malumfashi da Funtuwa waɗanda fataucin hatsi da shanu ko aikin ofis ya kai su Ikko, akwai waɗanda Allah Ya buɗa wa, har suka fara tunanin barin Agege da Idi-Araba su kama sashe a dogayen benayen bakin ruwa na Ikoyi da Tsibirin Biktoriya da Lekki. Kuɗin da ake zubawa a irin wannan haya yana iya haɗiye amfanin gona na damina da dama, saboda haka ya kamata mutum ya san hukunci tun kafin ya sa hannu a takarda.

Da farko dai, zama a gida mai kyau ba laifi ba ne. A cikin Suratul A'araf, aya ta 32, Allah Ya yi inkari ga mai haramta ƙawar da Ya fitar wa bayinSa. Ita ma haya halal ce. Suratul Ƙasas ta ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salamu, da aka ɗauka aiki a Madyana na shekara takwas, in ya so ya cika goma, watau an faɗi aikin, an kuma faɗi wa'adinsa. Malamanmu na Malikiyya suna kiran hayar gida da ta dabba kira'i, kuma Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa hukuncinta kamar na ciniki ne wajen abin da ya halatta da abin da ya haramta. To, mai haya ba gida ya saya ba, amfanin gidan ya saya zuwa wani lokaci. Duk sauran hukunce-hukunce daga nan suka taso.

Sharaɗi na farko, a san kuɗin. A irin waɗannan benaye ba kuɗin haya kaɗai ake biya ba. Akwai ladan dillali, da na lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna, da kuma kuɗin hidimar gida, watau na masu gadi da man janareta da shara da ruwa. In aka ce ka shiga tukuna, kuɗin hidima sai abin da hali ya yi, to jahilci ya shiga cikin farashi, kuma shi ne ƙofar rigima. A yanka adadin tun farko, ko a fayyace yadda za a lissafa shi. Kuɗin ajiya kuwa dukiyar mai haya ce, ba ta mai gida ba. Wajibi ne ya mayar da ita ranar tashi, bayan ya cire diyyar ɓarnar da ta tabbata.

Sharaɗi na biyu, a san wa'adin, ranar shiga da ranar fita. Biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko ya halatta idan an yarda da juna. Amma fa a lura. A shekara ta 2011 Jihar Ikko ta kafa dokar haya wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon mai haya, sai dai dokar ta ware Ikoyi da Tsibirin Biktoriya da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja. Watau unguwannin da kuɗi ya fi yawa su ne aka bar mutum da takardarsa. Allah kuwa Ya umarce mu da rubuta bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, Ya kuma buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari.

Sharaɗi na uku, amfanin ya zama halal kuma mai samuwa. Ba ya halatta Musulmi ya ba da gidansa haya don a mai da shi wurin sayar da giya ko masha'a. A nan ne kuma maganar ruwa ta shigo. A watan Yuli na 2017 ambaliya ta mamaye titunan Lekki da Tsibirin Biktoriya, ruwa ya shiga gidaje, motoci suka nutse. Mene ne hukunci in haka ta sami mai haya? Idan gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, haya ta warware a sauran kwanakin, sai a mayar masa da kuɗin abin da bai zauna ba. Idan kuwa lalacewa ce mai cutarwa, mashahurin zance a mazhabarmu shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, amma mai haya yana da zaɓi, ko ya tashi ko ya zauna. Abin da ya lalace ba da sakacinsa ba kuwa, babu ramuwa a kansa, domin amana ce a hannunsa. Haka nan haya ba ta warwarewa saboda mutuwar mai haya, magadansa su ne za su gaji sauran wa'adin.

Saura abu guda wanda alƙali ba ya hukunci a kansa, sai zuciya. Suratul Isra'i ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu, Suratul Furƙan kuma ta yabi waɗanda suke tsakaita wa wajen ciyarwa. Wanda zai iya biya daga halaliyarsa, bayan ya fitar da zakka ya sauke haƙƙin iyali, babu laifi a gare shi. Amma wanda zai ci bashi da ruwa, ko ya jinginar da gonar gado a Musawa, don a ce yana kallon teku ta taga, alhali rumbun tsohuwarsa ya ƙare tun kafin damina ta faɗi, to wannan ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Kana ya duba unguwar. Ina masallaci? Wace makaranta 'ya'yansa za su yi karatun allo? Su wane ne maƙwabta, a wurin da kiɗa ba ya yankewa har asuba?

Waɗannan hukunce-hukunce ba na attajiran Ikko kaɗai ba ne. Su ne dai a kan mai kama shago a kasuwar Musawa, da ɗalibin da ya kama ɗaki ɗaya a Funtuwa. A faɗi kuɗi, a faɗi wa'adi, a rubuta, a kafa shaidu biyu.

Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya sa mu dace.