Ciwon Rikicewar Hanji da Hanyoyin Shawo Kansa

Akwai wani ciwon ciki wanda yake wahal da mutane da yawa a birane da ƙauyukan ƙasar nan, amma ba kasafai ake kiransa da sunansa na gaskiya ba. Mai shi yakan ji ciki yana murɗa masa, ya kumbura, iska ta cika shi. Wani lokaci zawo ne, wani lokaci kuwa bayan gida ya yi tauri, ba ya fita sai da nishi. Ciwon ya lafa mako biyu, sa'an nan ya komo. Sai mutum ya nufi kantin magani, a ce masa taifot ne ko gyambon ciki, a ƙulle masa kafso a leda. Ya sha, kuɗi su tafi, ciwo yana nan daram. Likitoci suna kiran wannan hali ciwon rikicewar hanji, da Turanci kuma suna taƙaita sunansa da haruffa uku, watau IBS.

Yadda ake gane shi

Bisa ƙa'idar da masana ciwon ciki suka tsayar a shekarar 2016, wadda ake kira Ƙa'idar Rum ta Huɗu, ana zaton wannan ciwo ne idan mutum yana fama da ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a kowane mako tsawon wata 3, matsalar kuma ta fara tun wata 6 da suka wuce, sa'an nan ciwon yana da nasaba da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: fitar bayan gida, da sauyin yawansa, da sauyin kamanninsa. Ya fi kama mata, kuma yawanci yakan fara ne tun mutum yana da sauran ƙuruciya.

Wajibi ne a fahimci cewa ba mai ciwon ne zai yanke wa kansa hukunci ba, ba kuma mai kantin magani ba. A ƙasa irin Nijeriya, atini da tsutsar ciki da sauran cututtukan da ake ɗauka a ruwa maras tsabta suna iya kawo alamu masu kama da waɗannan, don haka likita yakan sa a auna bayan gida da jini tukuna. Akwai kuma alamun da ba a jinkiri a kansu ko kaɗan: jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin, rama ba dalili, ƙarancin jini, zazzaɓi mai naci, zawon da yake tada mutum daga barci, ƙulli a ciki, ko kuwa ciwon ya fara wa mutum bayan ya haura shekara 50. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ko wanda aka taɓa samun ciwon dajin hanji a danginsa, lalle ya tafi asibiti.

Idan an auna ba a ga kome ba, wannan ba ya nufin mai ciwon ƙarya yake yi ko raki ne da shi. Hanjin ba shi da rauni, ciwon kuma ba ya rikiɗa ya zama ciwon daji, amma aikin hanjin ne ya rikice. Motsinsa yakan yi sauri fiye da kima ko ya yi nawa, jijiyoyinsa kuma su riƙa kai wa ƙwaƙwalwa ƙarar ciwo a kan 'yar iskar da wani ba zai ma san tana nan ba. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsakanin ciki da zuciya akwai hanya, shi ya sa yake cewa cikin wane ya ɗuri ruwa sa'ad da tsoro ya kama shi, kuma kowane malamin makaranta ya san ɗaliban da zawo yake kamawa ranar jarrabawa. Haka nan an lura cewa kimanin mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka yi fama da zawo mai tsanani na ƙwayoyin cuta sukan ci gaba da wannan rikici bayan cutar ta wuce.

Abinci da zaman yau da kullum

Gyara na farko ba ya bukatar ko kwabo. A ci abinci a kan lokaci, a zauna a tauna shi sosai. Ma'aikacin da yake fita da asuba bai karya ba, ya wuni a kan shayi da goro, sa'an nan da dare ya cika ciki da tuwo da nama mai maiƙo, shi ne yake tsokanar hanjinsa da kansa. Shawarar hukumar da ke tsara ƙa'idodin jiyya a Ingila ita ce a sha abin da ya kai kofi 8 na ruwa a rana, kada shayi ko kofi su wuce kofi 3. Goro ma yana ɗauke da irin sinadarin da ke cikinsu mai zaburar da hanji. A rage lemon kwalba mai iska, da barasa, da soye-soye, da yaji mai yawa. Mai yawan zawo ya guji cingam da alewar da aka rubuta cewa ba sukari a cikinsu, domin abin zaƙin da ake sa musu yana sakin ciki.

Akan ce wa mai taurin bayan gida ya ci abinci mai dusa, amma a nan akwai bambanci. Dusar alkama mai kaushi takan ƙara kumburi da murɗa. Abin da ya fi dacewa shi ne mai laushi wanda yake yin yauƙi in ya haɗu da ruwa, irin garin isfagula da ake samu a kantin magani, a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali tare da shan ruwa.

Akwai kuma wasu nau'o'in sukari a cikin abinci waɗanda ƙaramin hanji ba ya tsotsewa da kyau. Sukan janyo ruwa, su gangara babban hanji su yi tsami, iska ta taru. Masana a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya suka fito da tsarin rage su tun daga shekarar 2005, ana kiransa tsarin Fodmaf. Albasa da tafarnuwa da wake da alkama da madara da mangwaro da kankana da zuma suna cikin masu yawan wannan sukari. Shinkafa da dawa da gero da ƙwai da kifi da nama da lemo da gwanda kuwa ba su cika tada ciki ba. Ba a ce a daina cin waɗancan har abada ba. Ana rage su ne mako 4 zuwa 6, in da hali a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya, sa'an nan a riƙa komo da su ɗaya bayan ɗaya don a gane wanne ne mai laifi. Wake abincin gina jiki ne ga talaka, kuskure ne a haramta wa gida shi a kan zato. Ɗan littafin da mutum zai riƙa rubuta abin da ya ci da yadda ya kwana ya fi duk wani zato amfani.

Motsa jiki yana taimaka wa hanji, musamman ga mai taurin bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar aƙalla minti 150 a mako, watau tafiya da sauri ta minti 30 kwana 5. Isasshen barci da rage damuwa su ma magani ne.

Ƙwayoyin halitta masu amfani

Ba kowace ƙwayar halitta ce maƙiyiyar ɗan Adam ba. An ƙiyasta cewa jikin baligi yana ɗauke da kimanin tiriliyan 38 na waɗannan ƙwayoyi da ido ba ya gani, mafi yawansu a babban hanji, inda suke taya shi narkar da abinci, suna kuma tare wa masu cutarwa wuri. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya tantance aboki da maƙiyi. Saboda haka wanda yake shan kafso duk sa'ad da cikinsa ya motsa, ba tare da umarnin likita ba, yana iya ƙara dagula abin da yake neman gyarawa.

Tun a shekarar 1907 wani masani ɗan Rasha mai suna Eli Mechnikof, wanda ya yi aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, ya kawo ra'ayin cewa nono mai tsami da manoman Bulgariya suke sha yana da hannu a tsawon ransu. A shekarar 2001 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya ba irin waɗannan ƙwayoyi ma'ana tsayayya: furobayotik su ne ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda suke amfanar lafiyar mutum idan ya sha isasshen adadi. Waɗanda aka fi sani su ne dangin Laktobasilas da Bifidobakteriya, ana sayar da su a kafso ko gari ko cikin yogot.

To, suna maganin rikicewar hanji? Masana ba su zama baki ɗaya ba. A shekarar 2020 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ga hujjar ba ta kai a ba kowa shawarar shansu ba sai a cikin bincike. A shekarar 2021 takwararta ta Birtaniya ta ce ana iya gwada su har mako 12, a daina idan ba a ga sauƙi ba, amma ba ta zaɓi wani nau'i ta ce shi ne ya fi ba. Ma'anar wannan ita ce wasu sukan sami sauƙin kumburi da ciwo, wasu kuwa ba sa ganin kome, kuma tallar da take alkawarin warkarwa ta wuce gona da iri.

Mai son gwadawa ya ɗauki iri ɗaya kawai, ya bi adadin da aka rubuta a jikin kwali, ya ba shi aƙalla mako 4 kafin ya yanke hukunci. Kada ya fara shi rana ɗaya da sauya abinci, in ba haka ba ba zai san wanda ya yi aiki ba. Ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, ya kuma tuna cewa abu mai rai ne: kwalin da ya wuni cikin rana a faifan mai talla a tasha mai yiwuwa gawa ce a cikinsa. Waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, da masu jinya mai tsanani, da jariran da aka haifa bakwaini, kada a ba su sai da izinin likita.

Tambayar da kowa zai yi ita ce, ina kindirmo da nono? Lalle ƙwayoyin da suke sa madara tsami dangin waɗancan ne, kuma tsamin yana rage sukarin madara wanda manya da yawa ba sa iya narkarwa, shi ya sa wanda madara take ɓata wa ciki sau da yawa yakan sha kindirmo lafiya. Sai dai ba wanda ya san iri ko adadin ƙwayoyin da ke cikin ƙwarya guda, don haka abinci ne mai kyau, ba magani mai awo ba. Sharaɗinsa kuwa a tafasa madarar kafin a sa ta kwana, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale, kuma kada a tsinka shi da ruwan da ba a amince da shi ba. Koko da daddawar miya su ma ta hanyar tsami ake yinsu, amma wuta takan kashe ƙwayoyin kafin su kai baki.

Idan an bi waɗannan matakai wata 3 ba a sami sauƙi ba, a koma wurin likita. Yana da magungunan kwantar da murɗar hanji, ciki har da kafson man na'a-na'a, da na tsayar da zawo, da na sassauta bayan gida. Ga wanda ciwon ya ƙi ji kuwa, akan ba da ɗan ƙaramin awo na wani maganin jijiyoyi wanda yake rage jin zafin hanji, ko a tura shi wurin masanin halayyar ɗan Adam. Mai zuwa asibiti ya tafi da littafin abincinsa da kwalayen duk magungunan da ya riga ya sha, har da na gargajiya.