Dillalin da Ba Ya Tsada

Ina so in ba ku labarin wani abu da na koya a darasin Kimiyya, wanda har yanzu yana raina.

Wata ranar Talata malaminmu ya ɗauko 'yar waya fara daga cikin kabad, ya nuna mana, ya mayar ya kulle. Ya ce sunanta filatinam, kuma ba mai taɓa ta saboda tsadarta. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, mene ne amfaninta?" Ya ce ita katalis ce, wato abin da ke gaggauta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Nan take na tuna dillalin kara. Shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki, ya koma ya jira na gaba.

Ga inda ake bukatar wannan dillali. Akwai wani irin batir da ke haɗa iskar haidirojin da ta oksijin, ya ba da lantarki, kuma ba ya fitar da komai sai ruwa. Wani Bature, William Grove, ya nuna dabarar tun 1839. Amma oksijin yana da nawa, sai an sa filatinam ya ja shi. To, filatinam ƙarfe ne mai wuyar samu, kusan kashi 70 cikin ɗari daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. La'adar dillalin nan ta yi yawa, shi ya sa batirin ya fi ƙarfin talaka.

Saboda haka masana suka shiga neman katalis marar ƙarfe. A 2009 Liming Dai da abokan aikinsa a Jami'ar Dayton ta Amurka suka yi 'yan siraran bututu na kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, suka cusa naitirojin a jikinsu. Naitirojin yakan janye lantarki daga kabon ɗin da ke maƙwabtaka da shi, sai wurin ya zama masaukin oksijin. A cikin ruwa mai kaifin kanwa bututun sun yi gogayya da filatinam, kuma iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ke kashe ƙarfin filatinam, ba ta dame su ba. Haka kuma a 2021 aka ba Benjamin List da David MacMillan kyautar Nobel saboda katalis na sinadarai masu tushen kabon, ko da yake nasu ya fi amfani wajen haɗa magunguna.

Ni ma na gwada nawa. Na fere fensir biyu gaba da baya, na tsoma su cikin ruwan kanwa, na haɗa su da batir mai bolt 9. Sai ga kumfa! Amma ɓangaren oksijin ya yi ƙaranci ƙwarai. Malam ya ce kabon ɗin bakin fensir ba a yi masa gyara ba, kuma oksijin yana cinsa a hankali. Wannan lalacewa tana cikin matsalolin da masana ke fama da su. Wata kuma ita ce a cikin ruwan asid katalis na kabon bai kai filatinam ba, shi ya sa motocin haidirojin irin su Toyota Mirai suke amfani da filatinam.

Duk daren da aka ɗauke wuta lokacin karatun dare, janareto ya cika mu da hayaƙi, nakan tuna wannan darasi. Kabon muna da shi a kowane murhu, naitirojin kuma shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Abin da ya rage shi ne ilmi. Don haka 'yan'uwa, kada mu guji Kimiyya don an ce tana da wuya. Allah Ya ba mu sa'a, amin.