Darasin Wata: Idan Muryar Kwamfuta Tana Ƙaraf-Ƙaraf Ko In'ina

Darasin wannan wata ya shafi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda samari ke kira laftof. A da sai a ofis ake ganinta. Yanzu ta shigo ƙauye. Malamin ajin yaƙi da jahilci yana kunna wa ɗalibai darasi da ita. Ma'aikaciyar lafiya tana nuna wa mata majigi a kan shayarwa da allurar rigakafi. Ranar kasuwa kuma ga samari masu tura wa mutane karatun Alƙur'ani da wa'azi da finafinai a waya. Da ita suke cin abinci. Duk waɗannan mutane murya suke bukata. In murya ba ta fita tangaran ba, aiki ya ɓaci.

Ga misalin wani malamin aji. Ɗalibansa magidanta ne, bayan sallar isha'i suke zuwa. Ya samo darasi na murya a kan adana wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ba ya bukatar maganin ƙwari. Lokacin bazara ne. Yakan kunna, murya ta fara fita lafiya. Da an ɗan jima sai ta riƙa yankewa. Daidai inda ake bayanin ɗaure bakin leda, ba wanda ya ji komai. Dare uku ana haka. A dare na huɗu rabin ajin bai zo ba.

Malam ya ɗauki kwamfuta ya kai gari. Mai gyara ya ce sai an goge komai an sake zuba mata Windows. Aka goge. Darussan da malam ya daɗe yana tarawa suka tafi. Ya biya kuɗin gyara, ya biya kuɗin mota. Da ya kunna wa ɗalibai da dare, murya ta sake yankewa kamar dā. Za a ga inda laifin yake a gaba.

A fara da saurare

Kafin a taɓa komai, mai kwamfuta ya kasa kunne. Ɓacin murya iri-iri ne. Akwai ƙaraf-ƙaraf, kamar ana taka busasshen ganye. Wannan yawanci daga waya ne ko daga lasifika. Akwai kuka mai tsawo, zuuu, kamar na ƙudan zuma. Wannan yawanci daga wuta ne. Akwai kuma in'ina, inda murya ke tsayawa, ko ta maimaita kalma ɗaya, sannan ta ci gaba. Wannan yawanci daga cikin kwamfutar ne.

Doka ɗaya ce a wannan bincike. Abu ɗaya ake canzawa, a saurara, sannan a canza na gaba. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko murya ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba. Gobe in ta dawo, sai ya koma farko.

Gwaji na farko shi ne a kunna wani karatu dabam. In shi ya fita lafiya, to kwamfuta ba ta da laifi. Na farkon ne aka ɗauka da ɓaci, ko ya lalace wajen turawa. In daga filash ko memori ake kunnawa, a kwafe shi zuwa cikin kwamfutar tukuna. Tsohon filash da memori na jabu ba su da sauri. In kuma daga intanet ake saurare kai tsaye, ƙarancin sabis kaɗai ya isa ya sa murya ta riƙa tsayawa. Gara a sauke darasin gaba ɗaya da rana, a kunna da dare.

Gwaji na biyu da iyafis ake yinsa, wato abin nan da ake saƙalawa a kunne. A cire lasifika, a sa iyafis mai kyau. In murya ta fita tas a kunne, to laifin na lasifika ne ko wayarta. In har a kunnen ma tana ɓaci, sai a ci gaba da bincike.

Waya da lasifika

Yawan ƙaraf-ƙaraf daga kan waya yake fitowa. Ramin da ake soka ta ƙarami ne, faɗinsa milimita 3 da rabi. Ƙura kaɗan ta isa ta hana ƙarfe haɗuwa da ƙarfe. A kunna karatu, a ɗan juya kan wayar a hankali. In ƙarar ta ƙaru ko ta ragu da motsin hannu, an kama ɓarawo. A kashe kwamfuta. A goge kan wayar da busasshen ƙyalle mai tsabta. A fitar da ƙurar ramin da ɗan buroshi mai laushi. Kada a sa allura ko ƙusa. Kada a sa yawu, ko ruwa, ko kananzir. In an mayar da wayar, a tura ta har ƙarshe, don wadda ta shiga rabi ba ta ba da murya cikakkiya.

Waya takan karye daga ciki, fatarta kuwa lafiya lau a waje. A wuyanta ta fi karyewa, wurin da ake yawan lanƙwasawa. A ari ta maƙwabci a gwada. Sabuwar waya ita ce gyara mafi araha a duk wannan darasi.

Sai maganar ƙure murya. Lasifikar da ke jikin laftof 'yar ƙarama ce ƙwarai. An yi ta ne don mutum ɗaya ko biyu a ɗaki. Ba a yi ta don zaure cike da jama'a ba. Wasu manhajojin kunna sauti, irin su VLC, suna barin mutum ya ɗaga murya ta wuce lamba 100. Abin da ya wuce 100 tilasta wa lasifika ne. Murya za ta dishe, ta riƙa tsagewa, daga baya lasifikar ta yage. Wadda ta yage kuwa ba dannawar da za ta ɗinke ta, sai an canza. Mai aji ya nemi lasifika ta waje. Ya bar muryar kwamfuta wajen 70 ko 80, ya ƙara sauran daga jikin lasifikar.

Wuta

Wannan gwaji ba ya cin minti ɗaya. Ana cikin kunna karatu, a zare caja, a bar kwamfuta a kan batir. In kukan zuuu ya ɗauke nan take, to daga wuta yake. Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. In ta sami hanyar shiga wayar sauti, kunne yana jin ta. Ƙaramin janareta ya fi kawo wannan, don wutarsa hawa da sauka take yi. Caja ta jabu ma haka.

A duba lambar da aka rubuta a ƙarƙashin kwamfutar, a duba ta jikin caja. Da yawa daga cikin laftof suna cin wuta mai ƙarfin 19 ko 19.5. Dole lambobin biyu su zo ɗaya. Caja ta shiga rami ba shi ne ta dace ba. Kada kuma a naɗe wayar sauti tare da wayar wuta, a raba su. Dabara mafi sauƙi ita ce a cika batir da rana, a yi darasi da dare ba tare da caja ba.

In jikin kwamfuta yana ɗan jan hannu idan an taɓa, a zare daga wuta, a kira mai gyaran lantarki. Wannan ya wuce maganar murya. Janareta kuma a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari, tana kashe mutane a rufaffen ɗaki.

Wani lokaci ana jin ɗit-ɗit-ɗit a lasifika, jim kaɗan sai wayar wani ta yi ƙara. Ba lalacewa ba ce. Wayar hannu ce aka ajiye kusa. A matsar da ita.

Dalilin in'ina

Nan ne ake bukatar natsuwa. Kwamfuta ba ta riƙe murya kamar yadda kaset ke riƙewa. Lambobi take ajiyewa. Muryar daƙiƙa ɗaya tak, an auna ta sau 44,100 ko sau 48,000. Kwamfuta tana ɗebo waɗannan lambobi tana zubawa a wani ɗan ma'aji, daga nan suke wucewa zuwa lasifika.

A ɗauka ma'ajin nan 'yar randa ce mai famfo a gindi. Ruwa yana fita kullum. Yaro yana zuba mata daga rijiya. Muddin yaro yana zuwa a kan kari, famfo ba zai tsaya ba. In aka aiki yaron kasuwa, aka ce kuma ya ba awaki dusa, ya makara, randa ta ƙafe. Ruwa ya yanke, sai ya dawo. Wannan yankewar ita ce in'inar da kunne ke ji. Saboda haka tambayar ita ce, me ya tsare yaron?

Sau da yawa aiki ne ya yi wa kwamfuta yawa. An buɗe shafuka barkatai, ana tura fim a wayoyi uku, ga karatu ana kunnawa. A kwamfuta mai Windows, a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare. Wani allo zai fito mai nuna ayyukan da ke gudana. In lambar da ke sama ta kusa 100, kwamfuta ta cika. A rufe abin da ba a bukata. A kashe intanet a saurara, don wani lokaci tana sauke sabbin gyare-gyare a ɓoye. Filash da ke yawo daga hannu zuwa hannu kuma yana kawo cutar kwamfuta, ita ma tana cin ƙarfinta.

A gwada sake tayar da ita. Rufe murfi ba kashewa ba ne, barci kawai take yi. A zaɓi wurin da aka rubuta Restart. In batir ya yi ƙasa ma takan rage wa kanta ƙarfi don ta jima, sai murya ta fara tsinkewa. Mai lasifika marar waya, wato ta Bluetooth, ya tuna iyakarta kamar mita 10 ce. Bango da cunkoson jama'a suna rage wannan. In cajin lasifikar ya yi ƙasa, ita ma takan yi in'ina.

Sai babban abokin gaba a ƙasar Hausa, wato zafi da ƙura. A cikin yawancin laftof akwai 'yar fanka. Tana jan iska ta ƙasa, tana fitar da mai zafi ta gefe ko ta baya. Ƙurar hunturu tana taruwa a bakin hanyar iskar, ta dunƙule kamar auduga. Bazara ta zo, a watan Afrilu zafi a Kano da Sakkwato da Maraɗi yakan kai digiri 40. In cikin kwamfuta ya yi zafi ƙwarai, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ta rage gudu, yaro ya makara, randa ta ƙafe.

Alamar wannan a fili take. Murya tana fara fita lafiya, sai bayan minti goma ko ashirin take ɓaci. Fanka tana ƙugi. Gindin kwamfuta ya yi zafi, amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi. Abin da ya sami malamin nan ke nan. A kan matashi yake ɗora ta a ajin, matashin ya toshe ramukan ƙasa. Ƙurar hunturu biyu kuma tana ciki. Wani ɗalibinsa mai gyaran rediyo ne ya kai hannu ya ji zafin. Ya buɗe ta, ya share fankar da buroshi. Suka ɗora ta a kan benci, suka sa mata 'yan katako biyu a ƙasa don iska ta wuce. A daren aka saurari darasin wake har ƙarshe. Tsofaffin darussan da aka goge dai ba su dawo ba.

Kada a ɗora laftof a kan katifa, ko bargo, ko yashi. In an gama aiki a kashe ta, ta huce, a sa ta a jaka. Buɗe cikinta aikin mai sani ne, kuma sai an kashe ta an zare caja.

In sai an je wurin mai gyara

Wani laifin yana wuce gwajin gida. Akwai wata manhaja da ake kira direban sauti, ita ke haɗa Windows da kayan murya na cikin kwamfuta. A laftof da yawa na kamfanin Realtek ne. Yakan tsufa ko ya rikice. Mai gyara zai iya cire shi ya sa wanda ya dace, ba tare da ya taɓa ajiyar mutum ba. Zai iya kashe ƙarin kwalliyar da Windows ke yi wa murya, ya kuma gwada saita ta a 44,100 ko 48,000. In ramin iyafis ne ya karye, akwai ɗan abu kamar filash da ake sokawa a kafar USB, yana da nasa ramin na sauti. Ya fi buɗe kwamfuta sauƙin kuɗi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a gida mai kwamfuta ya kwafe darussansa da hotunansa a filash mai kyau, ya bar shi a gida. In ya isa shago, ya faɗi irin ƙarar da yake ji, da lokacin da take farawa, da gwajin da ya riga ya yi. In aka ce sai an goge komai, ya tambaya ko an duba fanka, an gwada wata caja, an canza direba. In an ce an gyara, kada ya yi saurin biya. Ya sa a kunna karatu a gabansa, ya zauna rabin awa yana saurare, don laifin zafi ba ya fitowa a minti biyu na farko.