Abincin kare

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da yawa cikinmu muna da kare don tsaron gida ko garke. Amma kaɗan ne ke ba shi abinci. Sai a ce kare shi ke nema wa kansa.

To, ina yake nema? Bisa juji, bayan gari, da mahauta. Karen da ke jin yunwa shi ke kama kaji. Kuma wajen yawon nan yake gamuwa da mahaukacin kare.

A ba shi sauran tuwo, ko tsaki da nono, sau 2 a yini. A ajiye masa ruwa cikin kasko a inuwa. Kada yara su taɓa shi yana cikin ci.

Ga babbar magana. Wani lokaci in an yanka tunkiya, saniya ko raƙumi, ana ganin ƙulli mai ruwa cikin hanta ko huhu. Mutane sukan yanke wurin su jefa wa kare. Kuskure ne babba. Cikin ruwan nan akwai ƴan tsutsotsi. Suna girma cikin hanjin kare, ƙwansu ya fita cikin kashinsa. Dabba ta ci shi cikin ciyawa. Yaro ya shafi kare, ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ma ƙullin yana iya fito masa a hanta, har sai an yi masa aiki a asibiti.

Irin wannan nama a ƙone shi, ko a rufe shi cikin rami mai zurfi. Ranar layya ma haka.