TANADIN GIDA: YADDA ZA A RIƘE AMFANIN GONA DAGA KAKA ZUWA KAKA

Gabatarwa

Malam manomi, aikinka bai ƙare da girbi ba. Magidanta da yawa a unguwannin Gombe, kamar Bolari da Pantami da Jekadafari da Herwagana, suna zaune ne a birni, gonakinsu kuwa suna Akko ko Kwami ko Yamaltu-Deba. Da kaka sai a ɗebo amfanin gona a kai kasuwar Tudun Hatsi, a sayar lokacin da farashi ya faɗi. Kafin watan Yuli rumbu ya ƙare, sai a koma kasuwa a sayo irin wannan hatsi da tsada. Ƙarancin takardun naira a farkon shekarar 2023, da hauhawar farashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, sun nuna cewa gidan da ke da abinci a ajiye ya fi samun kwanciyar hankali. Wannan darasi zai yi maka bayanin matakan da za ka bi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Ƙididdige abincin shekara

Kafin ka sayar da ko da tiya ɗaya, zauna da uwargida ku auna abin da ake ci kullum, domin ita ce ta san ma'aunin tukunya. Misali, idan gidanka yana cin tiya 2 a rana, a shekara kuna bukatar tiya 730. Idan buhu yana cin tiya 40, abincinku ya kama buhu 18 da ɗoriya, sai ka ware 19. Ƙara buhu ɗaya ko biyu saboda baƙi da suna da sauran hidimomi.

Bayan an fitar da zakka ko sadaka, a kasa amfanin gona kashi uku: na ci, da na iri, da na sayarwa. A sa wa kowane buhu alama. Kada a taɓa kason ci domin biyan wata bukata, sai in ta zama lalurar rai.

2. Busarwa

Laima ita ce babbar abokiyar gabar ajiya. Masara da dawa da wake suna bukatar laimarsu ta sauka zuwa kimanin kashi 13 cikin ɗari, ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. A shanya a kan tamfol ko daɓen siminti. Kada a shanya a kan ƙasa ko a bakin titi.

Ga hanya mai sauƙi ta gwaji. Sami busasshiyar kwalba mai murfi, ka zuba hatsi zuwa kusan sulusinta, ka ƙara cokali biyu na busasshen gishiri. Rufe ka girgiza sosai, ka ajiye na ɗan lokaci, ka sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana.

Masara da gyaɗa da aka adana da danshi sukan yi fumfuna, wadda ke haifar da gubar afulatoksin. Wannan guba tana lalata hanta, tana hana yara girma, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A tsince ƙwayoyin da suka ruɓe ko suka canja launi a binne su. Kada a ba kaji ko dabbobi.

3. Adanawa ba tare da magani ba

Jihar Gombe ta yi suna wajen noman wake, kuma kowa ya san yadda ƙwari ke mayar da buhun wake gari cikin 'yan watanni. Ƙwaron yakan biyo waken ne tun daga gona. Hanya mafi inganci ita ce a hana shi iska.

(a) Buhun PICS. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta samar da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga shekarar 2007. Yana da leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Duba ledojin ka tabbatar babu huda. Zuba busasshen wake, ka matse iskar da ke ciki, ka ɗaure leda ta farko, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne daban. Idan iskar shaƙa ta ƙare, ƙwarin sai su daina ci da hayayyafa, su mutu. Haka kuma ake adana masara da dawa. Kada a riƙa buɗewa. Abin da za a ci a wata biyu na farko a ware shi daban.

(b) Duro ko jarka. A wanke a busar, a cika har baki, a rufe ruf, a ajiye a inuwa. Kada a yi amfani da wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki.

(c) Toka. Idan waken kaɗan ne, a gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, mudu da mudu, a zuba a tukunya, a rufe samansa da toka.

Gargaɗi: kada ka zuba maganin feshi irin su Sniper a cikin abinci. Hukumar NAFDAC ta sha yin kashedi a kan haka. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Ƙwayar turara hatsi ta Phostoxin ma tana fitar da iska mai kisa. Aikin ƙwararru ce, kuma ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko makwabcinsa.

4. Ɗakin ajiya

A share ɗakin, a fitar da tsohon hatsi, a toshe ramuka da siminti. A jera buhuna a kan katako, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu da bango. Ɓera yana huda ledar PICS, kuma wani nau'insa yana yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa. Saboda haka a rufe gari da duk wani abinci a mazubi mai murfi. A riƙa duba ɗakin duk mako biyu, a fara cin wanda ya riga shiga.

Kada a manta da mahaɗi. Lokacin da tumatir da tattasai na fadamar Dadin Kowa suka yi araha, a yanka a busar. Haka kuɓewa da kuka da zogale. Ganye a inuwa ake busar da shi domin kada amfaninsa ya ragu.

5. Gyaran gida

Garin Gombe yana cikin kwari, ga zaizayar ƙasa, kuma mazauna garin ba su manta da ambaliyar watan Agustan 2004 ba. Tun a watan Afrilu a duba rufi, a toshe inda ke yoyo, a yashe magudanan ruwa, a ɗaga dokin ƙofar ɗakin ajiya. Takardun gona da na gida a sa su cikin leda a ajiye a sama.

Rufin kwano yana tara zafi da bazara, yana sakin sanyi da hunturu. Silin, ko da na tabarma ko zana ne, yana rage duka biyun. A buɗe tagogi masu fuskantar juna, a dasa maina ta yamma da ɗaki amma nesa da harsashin gini. Da hunturu kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki, kada kuma a kunna janareta a ciki. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa cikin barci.

6. Tanadin kuɗi da na tsufa

Kason sayarwa a riƙa fitar da shi kaɗan-kaɗan. Daga abin da aka samu, a fara ware kuɗin taki da iri na baɗi, sannan kuɗin asibiti da na makaranta. Tunkiya ko akuya ajiya ce mai haihuwa, amma cuta ko sata na iya raba ka da ita. Don haka a rarraba: wani a dabba, wani a adashe da amintattun mutane, wani a banki mai rajista, da ɗan abin kashewa a hannu.

Ƙarfi ba ya dawwama. A shekarar 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe ƙofar ajiyar fansho ga masu sana'ar kansu, har da manoma. Nemi cikakken bayani daga kamfanin fansho mai lasisi kafin ka sa hannu. Dasa mangwaro ko kashu a gefen gona shi ma tanadin tsufa ne. Ka guji masu alkawarin ninka maka kuɗi cikin wata guda.

Kammalawa

Ƙididdige, busar, rufe, duba. Wanda ya kiyaye waɗannan, da yardar Allah zai kai sabuwar kaka bai ci bashin hatsi ba. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinka ko ofishin hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Gombe.